Wutar Ƙauyen Kaka Titus

Lititz, Pennsylvania
14 ga Nuwamba, 1976

Kawu Elwood,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma sanyin Alaska bai cinye maka yatsu ba. Mu nan lafiya lau. Murar Mama ta sake ta, Baba yana ta aiki, ƙannena kuma suna nan da surutunsu.

Akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba. Kai ma don kana nesa ne na iya. Kaka ba ya gani.

Ba wai gaba ɗaya ba, amma saura kaɗan. Ranar Asabar muka hau tudu ɗebo gansakukar da za mu shimfiɗa a ƙaramin ƙauyensa na Kirsimeti. Ka san yadda yake, in mutum ya kawo wadda korenta bai yi masa ba sai ya ce a mayar wa dutse kayansa. To bana shafawa kawai yake yi da hannu, yana tambayata, "Verna, wannan kore ce ko ta mutu?" Na ɗauka gwada ni yake yi.

Da muka dawo muka kafa babban teburin a falon gidansa, muka jera gidajen kwali, da coci, da injin niƙa, da makiyaya, muka rataye tauraron gwangwanin nan da ka yanka. Sai na ga ya ɗauki raƙumi ya dasa shi a tsakiyar madubin da muke yin tafki da shi.

Na ce, "Kaka, raƙumi yana cikin ruwa."

Ya ce, "Ƙishi yake ji. Ke kin san daga inda ya taso?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya kira ni da sunan da kuka laƙaba mini, ya ce, "Ɓera, zauna."

Ya ce tun damina abin ya soma, kamar an watsa wa duniya madara. Fitila yake gani in tana da ƙarfi, sauran duk inuwa ce. Ya ce, "In uwarki ta ji, kafin sati na tsinci kaina a gidan tsofaffi, ana ba ni miya ba gishiri ana ce mini yaro mai kirki. Maganar nan tsakaninmu ce." Na ce to.

Kawu, ba wasa yake yi ba. Lokacin da ya bar buta a kan wuta har gindinta ya huje, ina tsaye Mama ta ce, "Baba, sau ɗaya ya rage maka. In aka sake, ka gama zama kai kaɗai a gidan nan." Ka fi ni sanin yayarka.

Ga abin da ke damuna. A jajibirin Kirsimeti, in an tashi daga coci, maƙwabta za su cika falon kamar kowace shekara. A kashe fitilu, Kaka ya riƙa ba da labari yana kunna gidajen ɗaya bayan ɗaya. Sunayen da ka rubuta a jikin makunnan ba ya iya karanta su. Ƙwayayen fitilar kuma ƙanana ne ƙwarai, ko ya kunna bai san wanne ya kama ba. In ya ce "ga coci" injin niƙa ya haska, a gaban kowa, a gaban Mama, shi ke nan.

Na yi tunani. In aka sa manyan ƙwayaye zai ga abin da ya kunna, in ya yi kuskure ya gyara. Kai ka ja wayoyin, don haka ka faɗa mini wane iri zan saya. Kada ka gaya wa Mama, don Allah.

'Yarka,
Verna

*

Lititz
1 ga Disamba

Kawu Elwood,

Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Kowa lafiya a nan. Kullum in na dawo makaranta sai na buɗe akwatin wasiƙa, ba komai sai takardun Baba. Na ce wataƙila ka ɗauka maganar yara ce. Don haka na yi da kaina.

Na je shagon Kessler. Na daɗe a tsaye wajen ƙusoshi ina yi kamar su nake kallo, har mai shagon ya leƙo ya ce, "Ba jikar Titus ba ce? Yi magana mana, ba na cizo sai ranar Litinin." Ranar kuwa Litinin ce. Na miƙa masa ƙaramin ƙwan na ce, "Irin wannan, amma babba." Ya ce na me, na ce na Kaka. Bai sake tambaya ba.

Na sauya su duka, gida gida. Sai da na ɗan faɗaɗa ramin gindin wasu gidajen da almakashi kafin ƙwan ya shiga. Na ja labule, na zaunar da Kaka, na kunna na farko.

Kawu, da ma kana nan. Ya miƙa wuya ya ce, "Wancan coci ne?" Na ce shi ne. Na kunna wani, ya ce, "Injin niƙa!" Na kunna na gefen tafki, ya ce, "Gidan burodin Lottie." Wanda matarsa marigayiya Iya Lottie ta yi da kwalin takalmi, mai labule da ƙyallen rigarta. Ya daɗe yana kallonsa. Daga baya ya soma fito da waƙar coci, yana kaɗa ƙafa. Rabon da in ji fitonsa tun ranar da aka binne ta.

Yanzu kullum da yamma muna gwaji. Ya kusa haddace makunnan. Gidajen suna yin ɗumi kamar burodin da aka sauke, har wani ɗan ƙamshi suke yi. Na kuma daina yayyafa wa gansakukar ruwa, don a makaranta an ce ruwa da lantarki ba sa haɗuwa. Ta ɗan dushe, amma Kaka ba zai gani ba, baƙi kuma cikin duhu za su zo.

Ba sai ka amsa waccan tambayar ba. Na gama.

Verna

*

Sansanin masu shimfiɗa bututun mai, Alaska
26 ga Nuwamba

Ɓerata,

Gaisuwa gare ki, da Kaka, da Yaya Fern, da dukan gida. Yatsuna goma suna nan, na ƙirga su da safe. Tari ne kawai, kowa a nan yana da nasa.

Yau wasiƙarki ta shigo hannuna. Guguwar ƙanƙara ta hana jirgi sauka, buhun wasiƙu ya yi ta kwana a Fairbanks. Ban san yaushe wannan za ta fita ba, shi ya sa nake rubutu a tsaye, ko takalmi ban cire ba.

Kada ki sa manyan ƙwayaye. Sake karanta wannan layin. Gidajen nan kwali ne, wasu sun girme ni, sun bushe kamar ƙirare. Ƙananan ƙwayayen ba rowa ta sa na sa su ba, su ne kaɗai kwalin zai jure. Babban ƙwai a cikin ɗan akwati ba iska, tanda kika haɗa. Gansakuka kuma a yayyafa mata ruwa kowace safiya, bayan an zare wayar daga bango. Danyarta ba ta kama wuta, busasshiyarta kuwa ta fi takarda. Wayoyin a ƙarƙashin katako na bi da su, ruwan ba ya kai musu.

Sai ɗaya maganar. Na zauna da ita a bakin gado har abokin ɗakina ya ce ko mutuwa aka yi mini. Tsoho ba ya gani, yana hawa da sauka matakalar ɗakin ƙasa shi kaɗai, yana kunna murhu. Wannan kaya ya fi ƙarfin yarinya 'yar shekara goma sha uku, kuma bai kyauta ba da ya ɗora miki. Dole in kira Yaya Fern. Ran Lahadin da layin waya ya gyaru zan kira ta. Ki yi fushi da ni, na yarda.

Kawunki,
Elwood

*

Lititz
6 ga Disamba

Kawu,

Muna lafiya. Ba wanda ya ji ciwo sai 'yar ƙuna a babban yatsana.

Wasiƙarka ta zo ran Asabar. Gobarar ran Juma'a aka yi.

Da yamma ne. Na kunna wa Kaka ƙauyen na shiga kicin in dafa masa shayi. Sai na ji ya kira ni da murna, "Verna, zo ki gani! Yau gidan Lottie ya fi kowanne haske!"

Na shigo na tarar da rufin yana ci, wutar ta soma bin gansakuka tana nufar garken tumaki. Shi kuma yana zaune gab da ita yana murmushi. Murar da ta kama shi ta toshe masa hanci, ko ƙauri bai ji ba. Na fizge wayar daga bango, na jiƙa tawul na danne. Ban san na iya sauri haka ba.

Gidan burodin ya tafi, Kawu. Bango ɗaya ya rage, da rabin labulen. Da na gaya wa Kaka, sai ya nemi in sa masa bangon a hannu, ya yi ta juya shi.

Muna cikin haka Mama ta turo ƙofa da tukunyar miya. Ta tsaya, ta shaƙi iska, ta dubi teburin, ta ajiye tukunyar a hankali.

Ta ce, "Baba, na gaya maka sau ɗaya ya rage."

Kaka ya buɗe baki. Ni ban san daga ina muryar ta fito ba, na ji kaina ina cewa, "Ni ce! Ni na sa manyan ƙwayaye, ni na bar gansakuka ta bushe. Kaka bai taɓa komai ba." Da ƙarfi na faɗa, har Mama ta ja da baya.

Ta ce, "Ke? Wa ya aike ki?"

Na ce, "Ba kowa. Ina son ya yi haske ne."

Ta ce, "Ai kuwa ya yi."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, amma na san ba duka gaskiyar ba ce. Ta tsaya a kaina sai da na cire manyan na mayar da ƙananan. Ta ce in ta sake ganin babban ƙwai a gidan nan, ƙauyen gaba ɗaya zai koma kwali. Ta so ta hana ni zuwa ma. Kaka ya ce, "Fern, ke da kika zuba wa tafkin nan ruwan gaske kina 'yar shekara bakwai, har kifi kika kawo, wa ya kore ki?" Ta ce wannan daban. Ya ce, "Daban ne, kifin ya mutu." Ta kwashi tukunyarta ta shige kicin.

Yanzu mun koma inda muka fara. Na kunna masa jiya, ya ce, "Kin kunna?"

Maganar ƙwayaye kai ke da gaskiya, na karɓa. Amma ɗaya maganar ban yafe ba. Na ce maka don Allah. Na zaɓe ka ne don na ɗauka kai kaɗai ne ba za ka yi mini irin ta manya ba. Jiya Lahadi, duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in ruga in ji ko kai ne. In ka kira, za su ɗauke shi kafin Kirsimeti, ƙauyen ya tsaya ba mai kunnawa, kuma zai san daga bakina ta fito. Ba na roƙon ka ɓoye har abada. Bana kawai. Ya kunna ƙauyensa a gidansa, ko da sau ɗaya ne ya rage.

Zan nemi wata hanya, da kai ko ba kai.

Verna

*

Alaska
14 ga Disamba

Verna,

Na gode wa Allah da kuka tsira. Yaya yatsan? Ki riƙa rufe shi da tsumma mai tsabta. Tarina ya yi sauƙi.

Wasiƙunki biyu tare suka iso. Na fara da ta murna, ina karanta "ɗumi kamar burodi" ina ihu ni kaɗai a ɗaki kamar za ki ji ni.

Na kira yayata. Na bi dogon layi cikin sanyi, na kai ga wayar, ta ɗauka ta ce, "Elwood, lafiya?" Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta ko za ta aiko mini da safa. Mun yi ta maganar safa har na bayana ya buga mini kafaɗa. Lokacin ban ma ga wasiƙarki ta fushi ba. Kasawa na yi. Ashe ni ma ɗan gidan nan ne.

Tunda kin ce da ni ko ba ni, gara da ni. Ɗaga zanen da ke zagaye da teburin ki leƙa ƙasa, wajen bango. Za ki ga ƙugiya biyu. Asalin mazaunin allon makunnan ke nan. Da ina kamar ke, a nan nake zama da tocila, Kaka yana ba da labari a sama, ni ina kunnawa a ƙasa. In ya buga diddige sau ɗaya, in kunna na gaba. Yaran unguwa sun daɗe suna zaton da baki yake kunna gidajen. Sai da na yi tsawo kaina ya soma ɗaga coci sannan muka hau da allon sama. Wayar tana da tsawo, na naɗe ragowar a ƙafar tebur. Ki kwance, ki mayar da allon ƙasa. In Yaya ta tambaya, ki ce tsohuwar al'ada aka dawo da ita. Za ta tuna, ta sha takar mini yatsu.

Shi kuma ba sai ya gani ba. Ko ƙaramin ƙwai yana ɗumama rufi. Ya ɗora tafin hannu a kan gidan da yake magana a kai, zai ji lokacin da ya kama. Ya san ƙauyen nan fiye da cikin aljihunsa, muddin ba a gusar masa da komai ba.

A cikin kayan duka, tauraron ne kaɗai zai iya ɗaukar babban ƙwai, don gwangwani ne kuma a sama yake shi kaɗai. Amma tunda Yaya ta kafa doka, bar shi.

Ga sharaɗina. Akwai wani a nan da mahaifinsa ya yi irin wannan, wai yanar ido ce, likita ya cire, yanzu tsohon har jarida yake karantawa. Ban ce ita ce ba, ni ba likita ba ne. Amma ɓoyewa ba ta warkar da ido. Bayan Kirsimeti dole a faɗa, kuma ya fi kyau ta fito daga bakinsa. Ki gaya masa in ji ni. In ya zage ni, ki rubuto mini zagin, na yi kewarsa.

Kawunki mai neman safa,
Elwood

*

Lititz
26 ga Disamba

Kawu Elwood,

Barka da Kirsimeti. Kowa lafiya, yatsana ya warke. Mama ta aika maka da safa, ta ce ba ta taɓa jin namiji ya damu da safa haka ba.

Na sami ƙugiyoyin. Na ga har sunanka da ka sassaƙa a katako, da kan wani abu da nake zaton kare ne. Na mayar da allon, muka yi ta gwaji da diddige har na daina kuskure. Kowace safiya na zare waya na yayyafa ruwa, gansakukar ta farfaɗo. Bangon gidan Iya Lottie Kaka ya ce a bar shi a inda yake, a gefen tafki, haka nan da baƙinsa. Na isar da saƙonka. Ya ce a gaya wa wancan mai kan kabewa ya kula da bututunsa.

Da muka fito daga coci mutane suka biyo mu, kowa yana ƙamshin kofi da kyandir. Tun kafin su gama cire riguna na shige ƙarƙashin tebur. Kawu, ban taɓa jin daɗin taro irin na ranar ba. Ba mai kallona, ni kuma takalma kawai nake gani. Na gane na Mama, na gane na Baba, na gane takalman roba na Goggo Hulda maƙwabciyarmu, waɗanda ba ta cirewa ko a gidan wa.

Aka kashe fitila. Kaka ya fara. Diddige, na kunna coci. Diddige, injin niƙa. Ina jin yara suna jan numfashi. Muryarsa ta dawo irin ta da.

Goggo Hulda ta ce, "Titus, tun yaushe ka koma shafa gidaje kamar mai zaɓen kankana?"

Ya ce, "Tun da na lura ke ba wanda ya shafa ya zaɓa."

Ta ce, "Miji biyu na binne, tsohon banza!"

Falo ya ɗauki dariya. Da ya iso gefen tafki ya ce, "Nan gidan burodin Lottie yake. Bana ta bar tanda a kunne." Ba wanda ya yi dariya sosai, amma na ji Mama ta ja hanci.

Muka wuce makiyaya, muka wuce raƙuma, muka kai komin dabbobi. Ba kuskure ko ɗaya. Saura tauraro. Na riga na fara murna.

Ya buga diddige, na danna. Makunnin ya yi ƙararsa kamar kullum. Kaka ya ɗaga murya ya ce, "Ga shi can! Ku dubi yadda ya haska dukan garin!"



Ka san wajen da kowa yake cewa "ahh". Ba a ce ba. Takalma duk suka tsaya cik. Kaka ya ci gaba da yabon hasken, yana cewa ku duba, ku duba. Sai wata ƙaramar yarinya ta ce, "Mama, ina tauraron?"

Ƙwan ne ya mutu. Da rana na gwada shi yana yi. Shi kaɗai ne abin da hannun Kaka ba ya kaiwa, ƙarar makunnin ya ji ya yarda da ita. Yana tsaye a gaban unguwa guda yana nuna duhu da yatsa.

Na ga takalman Mama sun taho, sun tsaya kusa da nasa. Ta ce a hankali, "Baba?"

Kawu, akwai babban ƙwai ɗaya da ban mayar ba. Tun ranar gobarar yake aljihun rigata, ban san dalili ba. Na kashe makunnin, na ɗaga zanen na fito. Idanu duk suka dawo kaina. Na ce wa Goggo Hulda, "Goggo, ara mini kujerarki." Ta tashi ba musu. Na hau, na buɗe bayan tauraron, na cire mataccen. Na nuna wa Mama babban a tafin hannuna, don ba na son in yi a ɓoye. Na ce, "Gwangwani ne, ba zai kama ba. Kawu Elwood ya tabbatar." Ta dube ni, ta dubi Kaka. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na ɗaura, na sauko, na miƙa hannu ƙarƙashin tebur na danna.

Har inuwar mutane sai da ta fito a bango.

Kaka ya ɗaga kai. Ya ce, "Au. Yanzu ne ya kama." Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wannan kam na gan shi. Fern, kin dai ji. Tun damina ne. Yarinyar ba ta da laifi, ni na ɗaure mata baki."

Goggo Hulda ta ce, "Shi ya sa ka gaishe da akwatin wasiƙata ran Talata! Na ce yau Titus ya yi hankali, ashe ba da ni yake ba."

Aka yi dariya, har da shi. Mama ba ta yi ba, hannunsa ta riƙe. Ya ƙarasa labarin a haka, tana riƙe da shi, aka yi waƙa, aka ci biskit.

Jiya bayan cin abinci suka zauna a kicin. Ina wanke kwanuka, ba wanda ya ce in fita. Ya yarda zai ga likitan ido bayan sabuwar shekara, da ƙyar. A kan gida ne suka tsaya. Mama ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Kuka ta yi ta ce, "Baba, kana zaune kana yi wa wuta murmushi. Ta yaya zan yi barci kana nan kai kaɗai?" Ya ce shi ba inda za shi. Ta ce, "To wa zai zauna da kai? Gidanmu ba wuri, Elwood yana ƙarshen duniya." Ta ce za ta je ta ga mutanen gidan tsofaffi ran Laraba.

Ni dai na ci gaba da wanke kwanukana, ka san ni. Amma na lura ba cewa ta yi ba zai zauna a gidansa ba. Cewa ta yi ba zai zauna shi kaɗai ba.

Yau da safe na hau tsohon ɗakinka a gidan Kaka. Na buɗe taga ya sha iska, na share, na kori gizo-gizo. Daga nan zuwa makaranta ya ma fi kusa. Na iya shayi, na iya ƙwai, na iya zare waya daga bango da sauri. Littattafaina na riga na kawo su cikin gwangwanin biskit, matashin kaina kuma a ƙarƙashin babbar rigata, ba wanda ya lura. Ran Talata da daddare, kafin ta je wajen mutanen nan, zan gaya wa Mama a kan tebur, a gaban Baba, cewa ni zan zauna da Kaka. Na gwada faɗa a gaban madubi har na haddace. In ta ce a'a zan sake faɗa ran Laraba da safe.

Ba izini nake nema ba, Kawu, sanar da kai nake yi. Gadonka yana ƙara, kuma na kwashe takalmanka na kai ɗakin ƙasa. In ka dawo, a falo za ka kwana, kusa da raƙuma.

'Yarka,
Verna